Ranar da Baba Ja ya ƙi cire safar hannu

Da Babbar Sallar da ta wuce ina kicin ina juya nama a kasko na jiyo dariyarku daga falo. Da na leƙo sai na tarar kun kewaye Baba Ja. Kai Isa, angona na kaina, kana ce masa sunanka Musa, ya maimaita, can ya sake tambayarka ka ce masa Audu, shi kuma bawan Allah yana gyaɗa kai yana murmushi, ƙannenka suna birgima a kan kafet don dariya. Bayan ya tafi kuka kawo mini waya kuka nuna mini wani tsohon bidiyo, ga babanku a kan ƙanƙara ya dunƙule hannu, ga Baba Ja a tsaye ya ƙi faɗa, jama'a suna yi masa kukan kaza. Nana ta ce da ni da Turancinta, ashe wannan ƙaton matsoraci ne. Ban tanka muku ba saboda akwai baƙi a gidan, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Shi ya sa na zauna nake rubuta muku wannan. Inda Hausarku ta gaza, kuma na san za ta gaza tun a layi na biyu, ku kai wa gwaggonku Hadiza ta warware muku.

Babanku ɗan fari ne, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba, ko a takarda. A Maradi aka haife shi, yana ƙarami muka biyo kakanku zuwa Greensboro ta nan Amurka, lokacin yana sayen tsofaffin motoci yana tura su gida ta jirgin ruwa. Muka zauna a wani bene a kan titin da ku kuka sani da Gate City, mu kuwa High Point Road muka san shi, kuma har yau bakina bai saba da sabon sunan ba. Wani makwabcinmu Bature ne ya fara kai shi wasan hoki na kan ƙanƙara tare da ɗansa. Ni da na ga takalmin da wuƙa a ƙasansa na ce a fitar mini da shi daga gida. Ba a fitar ba. Yaro ya yi ta girma, ya wuce sa'o'insa da kai da kafaɗa, kakanku kuwa yana kallonsa yana cewa jinin mahaifinsa ne, domin kakan babanku ɗan kokawa ne da aka sani a ƙauyukanmu. Ya gama makaranta ya tafi arewa, can inda sanyi ke fasa leɓe, ya yi ta buga wa ƙananan kulob-kulob. Sai a shekarar da nake ba ku labari wani kulob na garin nan ya ɗauke shi, ya dawo kusa da mu.

Duk tsawon shekarun nan ban taɓa zuwa kallonsa ba. A wurinmu uwa ba ta bin ɗan farinta tana tafa masa, abin kunya ne. Abin da na sani kawai shi ne ana bin wani ɗan baƙin faifai kamar marfin gwangwani da sanduna, ana ƙoƙarin jefa shi a raga. In ya zo gida da kumburin ido, sai ya ce faɗuwa ya yi, ni kuma in ce ai dole, wa ya aike ka tafiya a kan ƙanƙara. Hadiza ce ta matsa mini wata Lahadi da rana, ta ce ko sau ɗaya ne in je in gani. Na naɗe cikin bargo kamar mai jego muka tafi mu uku da kakanku.

Da farko ban ma gane wanne ne nawa ba, duk sun rufe kai da hular kwano. Ana cikin wasa sai wani daga ekip ɗin baƙi, wato ƙungiyar da ta zo daga wani gari, ya banke wani ɗan tsurut na wajenmu da bango, yaron ya zube bai tashi da wuri ba. Ba a jima ba sai na ga an turo babanku, su ma can suka turo wani dogo mai jan gemu. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, na ga suna magana kamar masu gaisawa. Ana sakin faifan nan sai kowannensu ya yar da sanda, ya zubar da safar hannu, suka cakumi juna. Alƙalan wasa, waɗanda na zaci za su raba, suka ja da baya suka tsaya kallo. Mutanen gidan wasan duka suka miƙe suna ihu, har da tsofaffi masu furfura. Ɗana, wanda na koya wa ya durƙusa in zai gai da babba, yana narkar fuskar ɗan mutane har jini ya ɗiga a kan farar ƙanƙara. Mai jan gemu ya durƙushe. Aka kai babanku wani ɗan akurkin gilashi aka zaunar da shi na minti biyar, hukuncin ke nan gaba ɗaya. Na juya in ga ko kakanku ya ji kunyar da na ji, sai na same shi a tsaye, hularsa a hannu, bakinsa har kunne.

A mota na ce gobe sai an je ba da haƙuri.

"Haƙurin mi?" in ji kakanku. "Hajiya, nan ba Maradi ba ne. A ƙasar ga in kika je ƙofar mutum kika ce ɗanki ya yi laifi, lauya za ki gani a bayanki. Aikinsa ne fa, don shi suka ɗauke shi."

"Aikinsa fasa bakin ƴaƴan mutane?"

"Dogari ne. Kowace ekip tana da nata. Ba ki ga abin da aka yi wa ƙaramin nan ba? In babu irin ɗanki, kullum haka za a dinga yi masa."

"To dogarin ma uwa ta haife shi, wanda ya doka ma uwa ta haife shi. Ni dai ban taso na ga an fitar wa mutum jini an kwanta ba a taka gidansu ba."

Hadiza ta ce ta san gidan, a Summerfield yake, nan bayan gari, gonar dawakin surukansa, domin ta taɓa sauke wanta a can lokacin zafi, tare suke motsa jiki in an tafi hutu. Wannan ya ƙara tayar mini da hankali. Ashe ma mutumin da ya sha ruwan gidansa ne ya yi wa wannan aika-aika. Washegari na tashi na yi dambu da zogale, na soya kaza, na zuba a babban kwanona mai marfi da na zo da shi daga gida, na ƙulla goro a leda. Kakanku ya ce shi yana da motoci da zai duba. Babanku kuwa ba mu gaya masa ba.

Mai jan gemun da kansa ya buɗe mana ƙofa, hanci a karkace, leɓe da ɗinki, ido ɗaya a rufe. Sunansa na gaskiya bai taɓa zama a harshena ba, tun ranar nake ce masa Jan Gemu, ku kuka mai da shi Baba Ja. Na cire takalmi na rusuna na fara abin da ya kawo ni, Hadiza tana juyawa da Turanci tana jin kunya kamar ƙasa ta tsage. Na ce ni ce uwar wanda ya yi masa wannan rauni, na zo in ba shi haƙuri, shi da matarsa da iyayensa, kuma ba haka muka tarbiyyantar da yaron ba. Ya tsaya yana kallona, ya kalli kwano, ya kalli goro. Sai ya fashe da dariya har ɗinkin ya fara tsattsafo da jini, matarsa Keti ta rugo da tawul. Da ya ga ban yi dariya ba sai ya nutsu, ya sa aka zaunar da mu, ya ce tunda yake wannan sana'a ba a taɓa kawo masa ko ruwa ba.

"Mama," ya ce, Hadiza tana fassarawa, "ba fushi muka yi ba. Ɗanki ya tambaye ni ko na shirya, na ce na shirya. Yaronmu ya yi wa nasu mugunta, dole wani ya biya, ni ake biya in biya. Da an yi wannan, magana ta mutu, sauran su yi wasansu lafiya."

Na ce to ai ya kusa kashe ka.

"Da na tafi ƙasa, kin ga hannunsa na hagu? Bai saki rigata ba. Riƙe ni ya yi don kada ƙeyata ta bugi ƙanƙara. Kuma daga nan bai ƙara ko ɗaya ba. Ba kowa ke yin haka ba. Ni ne ma ya kamata in kawo miki abinci."

Ya zayyana mini dokokinsu, waɗanda ba a rubuta a ko'ina ba. Ba ka dukan wanda bai cire safar hannunsa ba. Ba ka taɓa ƙarami, sai ƙato irinka. Ba ka neman mutum in ka san yana da rauni. Kuma in ka kayar da mutum, ranar da kuka sake haɗuwa dole ka ba shi damar ramawa. Ina sauraro ina tuna filin kokawa na garinmu, inda wanda ya yi kaye yake miƙa hannu ya tayar da wanda ya kayar. Zuciyata ta ɗan yi sanyi, ban ɓoye muku ba. Ya ci dambun nan da cokali ta gefen baki yana lumshe ido, ya gutsiri goro don kara, ya yamutsa fuska, ya haɗiye.

Amma akwai abin da na lura da shi. Rana tsaka ce, labulen falon duka a sauke. Ya tambaye ni sunana, na faɗa, muka yi hira, ya sake tambaya. Da ya tashi zai kawo mana ruwa sai ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya rasa abin da ya tashe shi. Keti ta ce dama haka yake tun kafin wannan faɗan, kaɗan-kaɗan abin yake ƙaruwa, duka ne na shekaru ya taru a kai. Ta faɗa a gabansa, shi kuma bai musa ba. Ya ajiye cokali ya dube ni da idonsa ɗaya mai gani.

"Mama, ɗanki yana sa baƙin tabarau a cikin gida?"

Nan take na tuna. Wata guda ke nan babanku yana shigo mini falo da baƙin tabarau, ina yi masa tsiya ina cewa ko ya zama mawaƙi ne. Yana kashe mini tele, yana cewa ƙarar ta yi yawa. Ranar Juma'a ya bar mukullinsa a cikin firji muka yi ta dariya.

"Jiya da aka kai shi akurki na gan shi ya rufe fuska da tawul, fitilu yake gudu. Ni ban taɓa shi sosai ba. Wani ne ya ji masa kafin ni, yana ɓoyewa. In ya faɗa za a zaunar da shi, in aka zaunar da irinmu kuwa akwai wani ƙaton yana jira a bakin ƙofa. Haka na ɓoye nawa. Kan da bai warke ba in aka ƙara masa wani, wani lokaci ba ya dawowa."

Ban san lokacin da muka yi sallama ba. A bakin ƙofa na yi abin da kowace uwa a garinmu za ta yi. Na ce masa ya ci abincina, ya zama ɗana, babanku ya zama ƙanensa, na ba shi amanarsa. Na faɗa ne kamar yadda ake faɗa, ban san nauyin abin da na ɗora masa ba. Hadiza ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta samo yadda za ta faɗa masa da Turanci. Keti ce ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Kwanon ma a can na bar shi.

Na sami babanku da maganar, ya ce lafiyarsa ƙalau, da Turanci ya faɗa, yaren da yake gudu cikinsa in ba ya son a kama shi. Na ce ya je likita, ya ce bayan kakar wasa. Kakanku ya shiga tsakani, shi ma jikinsa ya yi sanyi, amma yana ganin namiji ba a hana shi abin da ya sa gaba. Akwai maganar da uwa take da ita, wadda in ta ambaci nonon da ta shayar, ɗa ba shi da sauran zaɓi. Ta zo mini har leɓe. Na haɗiye ta, domin in ya bi zai bi ne yana ƙullace da ni, in kuma ya ƙi na jawo masa abin da ya fi ciwon kai. Na koma ga sallah da addu'a, ina kallon ranar da ekip ɗin su Jan Gemu za ta dawo garin nan tana matsowa.

Ranar ba wanda ya matsa mini, ni na fara shiga mota. Gidan wasa ya cika, domin kowa ya san akwai ramuwa, wasu ma don ita kaɗai suka sayi tikiti. Tun kafin a je ko'ina aka turo su biyun. Ina riƙe da carbi amma ban san abin da nake ja ba. Aka saki faifai, babanku ya yar da sanda, ya zubar da safar hannu, ya ba shi damarsa kamar yadda dokarsu ta ce. Jan Gemu ya tsaya. Sandarsa a hannu, safarsa a hannu, ya sauke kafaɗa. Babanku ya cakumi rigarsa ya girgiza shi, yana yi masa tsawa, shi kuwa ko gezau. Hannun babanku yana sama a dunƙule, amma ba a dukan wanda bai cire safa ba, kuma ɗana bai taɓa karya wannan ba. Na ga Jan Gemu ya matso da bakinsa kusa da kunnensa yana magana. Sai gidan ya ɗauki ihu, ana kukan kaza, ana jifa da kofunan takarda. Wannan shi ne bidiyon da kuka nuna mini. Aka kai babanku akurki shi kaɗai, Jan Gemu ya koma bencinsu, kocinsa ko kallonsa bai yi ba.

Sai daga baya na ji abin da ya faɗa masa. Ce masa ya yi ba zai taɓa wannan kan ba ko za a kore shi, kuma ya riga ya buga wa dogaran sauran ekip-ekip waya ɗaya bayan ɗaya, domin duk sun san juna, ya gaya musu yaron yana da rauni. Ba duka suka saurare shi ba, amma magana ta yaɗu har ta kai kunnen likitan kulob. Aka gwada babanku, aka ce ya ajiye takalmi sai abin da hali ya yi. Wani babban likita ya duba shi ya ce da an ƙara masa ko ɗaya mai kyau a wannan halin, da labarin ya sha bamban. Bai sake buga wasan kuɗi ba. Shi kuma Jan Gemu, kulob ɗinsa ba su jira ƙarshen kaka ba suka sallame shi. Dogarin da ya ƙi faɗa a gaban jama'a ba shi da sauran amfani a wurinsu, kuma a shekarunsa ba wanda zai sake ɗaukarsa. Ya san haka tun kafin ya shiga filin, matarsa ma ta sani tun ranar da ta dube shi a bakin ƙofa.

Babanku ya gane inda maganar ta fito. Ya ɗauke ƙafa daga gidana. Azumi ya kama, kullum in zuba masa kunu da ƙosai in rufe, kullum su kwana a rufe. Hadiza ta kira shi ba ya ɗauka. Kakanku ya daina yi mini maganar, wanda ya fi mini ciwo a kan ya yi faɗa. A watan nan na yi kukan da ban yi ba ranar da na bar Maradi, kuma duk da haka ban yi nadama ba, domin gara ya yi fushi da ni yana sane da ko ni wace ce.

Ranar Ƙaramar Sallah mun dawo daga idi ina shirin zuba abinci, sai Hadiza ta kira ni taga. Wata tsohuwar a-kori-kura ce ta tsaya a ƙasan benenmu, duk taɓo. Jan Gemu ya fito rungume da kwanona. Ta ɗaya ƙofar kuma babanku ya fito, ya rame, ya yi baƙi, babu tabarau. Ashe tun farkon azumi ya tafi Summerfield don ya zazzaga wa mutumin rashin mutunci, ya same shi yana kwashe kashin dawaki, aka miƙa masa shebur, daga nan bai dawo ba. Can ya zauna inda babu fitilu babu hayaniya, Keti tana tashi ta dafa masa ƙwai da sahur. Suka hawo. Babanku ya durƙusa a bakin ƙofa, ni ma na kau da kai na ce ya tashi ya wanke hannu, abinci yana hucewa. Jan Gemu ya miƙo mini kwano, na buɗe na ga ƙwai cike, na gonarsu.

"Ɗanki ya ce a wurinku ba a mayar da kwano babu komai a ciki," in ji shi. "Na ga ƙwan ba zai isa ba, shi ya sa na haɗo da shi."

Tun daga wannan shekarar ba a yi Sallah a gidan nan babu shi ba. Kakanku, Allah ya ji ƙansa, shi ya ɗinka masa babbar rigar da kuke ganinsa da ita, kuma har ya rasu in an zo rabon naman layya cinyar farko ta Summerfield ce. Kan Baba Ja ya ci gaba da tafiya kamar yadda Keti ta faɗa. Yanzu ba ya tuƙi, babanku ne yake zuwa ya ɗauko shi. Rannan na tuna masa da wasan nan, ya ce shi bai tuna ba, amma yana fata ya yi abin kirki. Na ce masa ya yi.

Ni ban iya ce muku faɗan nan na kan ƙanƙara daidai ne ko kuskure ba. Na ji an ce yanzu ya ragu, na ce alhamdu lillahi. Na ga ƙaramin da ake karewa, na kuma ga abin da ya rage na mai karewar. Abin da na sani shi ne babanku yana tashi da safe ya san hanyar wurin aikinsa, ya san ranar da aka haifi kowannenku, yana kiranku da sunayenku ba ya haɗa Isa da Faruku. Mutumin da kuke yi wa dariya ne ya bar masa wannan, da aikinsa ya saya masa, ana yi masa kukan kaza.

Sallah mai zuwa in Allah ya kai mu zai zo, zai zauna a kujerar nan ta kusa da taga, zai tambaye ka sunanka, Isa. Ka faɗa masa na gaskiya. In ya sake tambaya, ka sake faɗa masa.